Fim ɗin Ƙanƙara na Mijin Yayata

Mijin yayata akawu ne a ofishin aikin gona na Jega, lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Wata shekara aka tura shi Ingila kwas na wata shida. Ya dawo da akwatin bidiyo, da kaset guda uku, da wata kwat mai kauri wadda ta kai masa gwiwa. Kaset biyu ba su daɗe ba suka lalace. Na ukun ne ya zame mana wahala.

Ni a lokacin ina koyar da Turanci a firamare a Maiyama. Idan aka ba da hutun ƙarshen shekara, sanyi ya shigo, nakan hau mota in tafi Jega in yi kwana biyu wurin yayata. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, don haka ba ni da bakin ƙin zuwa. Shi kuwa mijin ya mai da wannan lokaci kamar wata sallarsa ta kansa. Ya ce a ƙasar Turawa haka ake yi, in sanyi ya zo kowane gida yana da fim ɗin da yake sake kallo, kuma gidan da bai da shi ba gidan wayayyu ba ne.

Da an idar da la'asar sai ya sa a tayar da injin wuta, a rufe tagogin falo da zannuwa. Ya sa kwat ɗin nan a kan babbar riga, ya naɗa ƙyallen ulu a wuya, gumi na tsattsafo masa a goshi. Sanyin Jega da la'asar bai kai a nemi ko rigar sanyi ba, balle a ɗakin da aka cusa mutum ashirin. 'Yan kallon yawanci danginsa ne, manoman albasa daga Aliero da Danwarai, waɗanda suka baro dashe a fadama suka zo kasuwa. Su zauna a tabarma, shi ya tsaya gefen talabijin da sandar rake a hannu yana nuni da ita.

Ba wanda ke jin Turanci a ɗakin sai ni. Shi nasa Turancin na takardun ofis ne, in aka yi magana da sauri sai ya ɓace masa. Amma shi ne mai fassara.

A bakinsa, mutumin da ke cikin fim ɗin babban jami'in gwamnati ne da ya ɓad da kama, yake yawo cikin dusar ƙanƙara don ya ga yadda talakawa ke zaune. In mutumin ya tsaya bakin kanti yana kallon kaya, sai mijin yayata ya ce, "Kun gani, farashi shika dubawa, gobe zai kori mai kantin." In matar mutumin ta fashe da kuka a kicin, sai ya ce murna ce, an ƙara wa mijinta girma. A ƙarshe maƙwabta suka shigo da gasasshen talotalo da kwanuka, ya ce gaisuwa ce suka kawo wa mai mulki, kamar yadda ake yi ko'ina.

Bai tsaya nan ba. Akwai wurin da ake nuna wani dogon titi da fitilu, nan yakan tsayar da kaset ɗin, ya ɗora sandar raken a kan gilashi.

"Wanga titi na bi shi da ƙafata. Bayan wancan gini akwai inda muka shan shayi."

Manoman su gyaɗa kai. Ni kuwa tun kallon farko na lura motocin fim ɗin dama suke bi kamar namu, alhali a Ingila hagu ake bi. Fim ɗin ma ba a ƙasar da ya je aka yi shi ba. Labarin gaskiya kuma na wani mai raba wasiƙu ne da aka sallama daga aiki ana gab da bikinsu na ƙarshen shekara, ya kasa gaya wa matarsa, kullum ya fita da safe yana gantali har yamma. Da matar ta gane, ta yi kuka. Maƙwabta suka ji tausayinsu suka kawo musu abinci. Shi ke nan. Fim ne mai sanyin jiki, kuma ko a ƙasarsu ban zaci ya yi wani suna ba.

Shekara huɗu ina zaune a ƙarshen tabarma ina jin wannan shirme. Abin da ya fi ba ni haushi ba ƙaryar ba ce, yadda take girma ne. A shekarar farko jami'i ne. A ta uku ya zama ƙanin sarauniya. Karen gidan ma, wanda ba abin da yake yi sai kwanciya gaban murhu, ya zama ɗan sandan ciki. Kuma duk lokacin da ya shirga wata babba sai ya waiwayo gare ni ya ce, "Ko ba haka ba, Malam?" Ni kuma in ce, "Haka ne, Yaya," in sunkuyar da kai. Na raina shi ƙwarai, kuma ina jin kunyar kaina da wannan amsa.

A shekara ta biyar mura ta kama shi, muryarsa ta dishe, ko sallama ba ya iya amsawa. Mutane kuwa sun riga sun taru. Ya sa kwat ɗinsa, ya zauna a kujera, ya miƙo mini sandar raken. Na ajiye ta a ƙasa, na tsaya gefen talabijin.

Na fassara abin da ake faɗa, jimla bayan jimla. Na ce wannan mutum ba jami'i ba ne, mai raba wasiƙu ne, kuma an kore shi. Na ce kallon kantin da yake yi, 'yar tsana ce yake son saya wa 'yarsa ba shi da hali. Da aka zo kan dogon titin ban tsayar da kaset ba. Ina magana ina jin daɗi a raina, irin daɗin wanda ya daɗe da ƙaya a ƙafa aka cire masa. Ban dubi inda yake zaune ba.

Kafin a kai rabi, mutum biyu suka tashi wai za su duba buhunansu a tasha. Da aka gama, wani tsoho daga Danwarai, kawun mai gidan, ya kakkaɓe rigarsa ya dube ni.

"Malam, kai ka taɓa zuwa can?"

Na ce ban taɓa ba, Baba.

"To shi ya tai. Wanda munka saba gani ya fi wanga daɗi. Mutum ya baro aikinai ya zo a nuna mai matsiyaci? Muna da su gida."

Sauran suka yi dariya, suka bi mai gidan ɗaya bayan ɗaya suna yi masa sannu da jiki, suna cewa Allah ya dawo da murya. Ba wanda ya ce mini na gode. Na tsaya ina kallonsu, manya da gemu, sun ji gaskiya da kunnensu sun ce a mayar musu da ƙarya don ta fi zaƙi.

Na shiga cikin gida na tarar da yayata tana tankaɗe garin gero. Ba ta zuwa falo in da baƙi, amma ta sha ganin fim ɗin ita kaɗai da rana. Na fara ba ta labari ina jiran ta yaba mini. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ka zaci ban sani ba? Ba ni jin Turanci, amma na ga matar nan. Mace ba ta yin irin wanga kuka don murna."

"To mi ya hana ki faɗi, Yaya?"

"In faɗa wa wa? Shekara guda shina zaune ofis ba mai tambayarsa komi. Kwana biyun nan ne kawai ake saurarensa. Kai kana da aji cike da yara kullum."

Ban yarda da ita ba, har yau kuma ban yarda ba. Mutum na iya neman a saurare shi ba tare da ya mai da danginsa wawaye ba.

Da shekara ta zagayo muryarsa ta dawo, har ta ƙara kauri. Ya tsaya gefen talabijin ya buɗe da cewa akwai Turancin littafi, akwai Turancin ƙasa, kuma masu na littafi in suka ji ana zancen sarauta sai su zaci zancen wasiƙa ake yi. Aka yi dariya ana waiwayena. Daga nan ya ci gaba da ƙanin sarauniya da karensa, har ya ƙara cewa ya taɓa gaisawa da mutumin a tashar jirgin ƙasa. Na tashi na fita tun ba a kai kantin ba.

Daga wannan shekara na canja lokacin zuwana Jega. Nakan bari sai an kusa komawa makaranta, in je in gaida yayata in kwana ɗaya in dawo. Ita ta gaya mini cewa kaset ɗin ya tsinke a cikin akwatin, aka kai wa mai gyaran rediyo ya liƙa, ya sake tsinkewa. Mijin bai fasa tara mutane ba. Yakan sa kwat, a rufe tagogi, ya ba su labarin da baki, kuma ta ce sun fi yawa a kan da. Bayan an raba jiha aka mayar da ni wata makaranta a Karaye, wani ƙauye can cikin ƙasar Maiyama, hanya ta yi mini nisa, zuwan nawa ya koma na Sallah kawai.