Gonar da Jirgi Bai Taɓa Sauka Ba

A garinmu, can gabas da Tabotaki, duk wanda ya yi wayo ya san gonar Baba tsohon filin jirgi ce. Ya kuma san ba a faɗa wa baƙo.

Baba yayan mahaifina ne. Labarin da muka tashi da shi, a lokacin yaƙin Nasara aka tattaro mazaje daga ƙauyuka, aikin dole, suka share fakon, suka daɓe shi da jar tsakuwa don jiragen soja. Jirgi ɗaya ya sauka bai sake tashi ba. Da sojan suka tattara nasu ya nasu, maƙeranmu suka far masa. Aka yi ludayi, aka yi faranti, wani ya samu ƙyauren ɗaki, kakanmu ya samu guntun fiffike ya yi murfin rumbu. Fakon kuwa ko ciyawa ba ta fita a kansa. Baba ne ya kwashe shekaru yana haƙa tassa, ramukan nan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa, har hatsi ya yarda ya tsaya. Takarda dai ba shi da ita. Tsoronsa ɗaya ne, ranar da aka rubuta a biro, ofishin hukuma, cewa filin jirgi ne, ya zama na gwamnati.

Ina koyarwa a Madawa, na zo gida hutun damina, sai ga wata farar mota da hantsi. Kafin mai ita ya gama gaisawa da mai gari labari ya zaga gari: yana tambayar filin jirgi. Ban taɓa ganin matanmu sun yi sauri irin na ranar ba. Faranti ya shige ƙarƙashin gado, aka rataya tabarma a kan ƙyaure, aka jefa zana bisa murfin rumbu. Mai gari, da yake ba ya son ƙarya ta fita daga bakinsa, ya turo baƙon zauren Baba. Ni kuma aka kira ni don in karanta takarda in ya fito da ita.

Tun daga takalminsa na ƙi shi. Damina tsaka, ba ko ɗigon laka. Ga littafi a hannu, ga salula yana ta juyawa, gaisuwarsa kuma ta yi tsawo kamar ta mai neman aure. Ya ce daga wajen Keita aka kama kakansa aka kawo aikin filin, bai koma ba. Mahaifiyarsa ta tsufa, tana son kafin ta cika a gano inda ubanta yake kwance. Na ce a raina, madalla da labari. Na sha ganin masu awon fili, kuma ba wanda ya taɓa cewa gona ya zo karɓa.

Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Jirgi? Nan? Ɗana, mu sai dai mu gane shi bisa shina wucewa. An ɓad da kai.”

Daidai nan Inna, matar Baba, ta aiko da fura. A gidanmu akwai ludayin baƙi, fari tas, ba nauyi, ba a shan fura da shi sai in mutum ya zo daga nesa. Inna ta ɓoye komai, amma hannunta da ya shekara arba'in yana ɗauko wa baƙo ludayin nan bai shawarce ta ba. Ai ba a miƙa wa baƙo tsagaggen ludayin duma.

Ina gani baƙon ya ɗaga shi. A jikin mariƙin akwai ƙananan huji a jere, gurbin ƙusoshin jirgi, da rabin wasu haruffa da aka buga a ƙarfen. Ya bi hujin da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ɗauki hoto. Bai ɗauka ba. Ya sha furarsa, ya ajiye ludayin a hankali.

Ya ce, “Baba, ba gona niz zo biɗa ba. Kushewa nika biɗa.”

Baba bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, “Allah shi jiƙan Musulmi dut inda suke kwance.”

Baba ya sani, ni ma na sani. A gabashin gonar, gindin wata aduwa, akwai duwatsu a jere inda bai taɓa haƙa tassa ba, inda aka hana mu ɗaure akuya tun muna yara. Magana ɗaya ce a bakina, na haɗiye ta. Wanda ya nuna kushewa ya nuna filin, kuma ban ga dalilin da zan musanya gonar da ke ciyar da gidanmu da hawayen mutumin da ban sani ba.

Baƙon ya yagi takarda ya rubuta lambarsa, ya miƙo mini. Motar na juyawa Baba ya ce, “Ka sa ta wuta.” Na sa ta a murhun Inna, ita tana gefe tana ta ba da haƙuri kan ludayin.

Damina uku ta wuce, ba mai awo, ba takarda daga hukuma a Buza. Na ce wa Baba ko dai mutumin gaskiya ya faɗa. Ya ce gwamnati ba ta gaggawa. Har yau wani lokaci nakan ba shi gaskiya, don ban manta takalmin nan ba. Amma na lura ya fara zuwa gindin aduwar ranar Juma'a, yana gyara duwatsun da ruwa ya ture.

A ciwonsa na ƙarshe na zo duba shi. Ya kori kowa, ya riƙe hannuna.

“Mutumen nan mai mota. Mi as sunan kakan nai? In sa shi cikin addu'a.”

Na ce, “Ba mu tambaye shi ba, Baba.”

Can ya ce, “Takardag ga hwa? Ka ƙone ta da gaske?”

Da gaske na ƙone ta.