Wutar da Ba a Gani da Rana

Maman Sani malamin kimiyya ne a wata lakwal, wato makaranta, ta Dogarawa kafin ya ajiye alli ya koma noman albasa. Da fetur ya yi tsada, sai ya shiga haɗa wa injin ban-ruwansa mai da ruwan takanda. Yakan bar ruwan ya yi tsami, ya dafa shi a rufaffiyar tukunya, ya tare tururin ta bututu. Abin da ke ɗigowa yana cin wuta, amma da sauran ruwa a cikinsa, ruwa kuwa kashe inji yake. Sai ya zuba masa ƙonannen farin dutsen Malbaza ya shanye ruwan.

"Malam, giya kake dahwawa?" in ji maƙwabta.

"Injin ne mashayin, ni ɗan aike ne."

Kafin ya kai man lambu, yakan zuba kaɗan a faranti ya kunna, ya ga ko ruwa zai rage. Wata rana da hantsi ya kunna, aka yi sallama, ya fita. Wutar wannan mai ba ta da launi a cikin rana. 'Yarsa Ummulkhairi, mai shekara bakwai, ta ga faranti da abu kamar ruwa, ta sunkuya a kansa, rigarta ta kama. Kwana biyu ta yi a asibiti a Konni, ta rasu.

Ya kife tukunyar. Tun daga nan ba ya wuce faranti ko kwanon ruwa a tsakar gida sai ya miƙa bayan hannunsa a kai, yana neman zafi. Matarsa Bara'atu tana lura da shi.

Da rani ya zagayo, albasar da gidan ke ci da ita ta fara kwantawa don ƙishi. Akwai jarka guda ta man da ta rage, ya kasa taɓa ta. Bara'atu ta ɗauko ta da kanta, ta zuba a faranti.

"Baban Ummu, kunna."

"Ba ni iya ganinta, Bara'atu."

"Kunna dai."

Ya ƙyasta ashana. Babu abin da ya bayyana sai iska tana motsi. Ta watsa gishiri, don ta sha ganin yadda yake canza launin wuta in ya zuba a murhu. Harshen wutar ya fito, ruwan ɗorawa.

"Ga ta nan. Dube ta."

Ya duba. Tsayinta bai kai kamu ɗaya ba.