Yadda Baffa Hudu Ya Kai Ni Ɗaurin Aurena

Duk wanda ya taɓa shiga motar Baffa Hudu ya san ba a tambayarsa yaushe za a isa, sai dai yaushe za a bar Jos. Ƙanen mahaifina ne, tela a Tudun Wada, kuma ku da kuka zauna da shi kun san halin nan nasa da bai bari ba har ya koma ga Allah: ba ya fita gari sai ya bi duk wanda suka yi sa-in-sa da shi ya nemi gafara. Cewa yake hanya ba ta da tabbas, ba zai je gaban Ubangiji da haƙƙin wani a wuyansa ba. Magana ce mai kyau. Matsalar ita ce Baffa ba ya iya wuce mutum bai gyara masa zama ba, don haka waɗanda zai roƙa sun fi masu kawo masa ɗinki yawa.

Ga kuma motar, wata tsohuwar Fijo ruwan toka. Batirinta ya yi sanyi tun ina sakandare, ya ƙi sayen wani. In an yi masa magana sai ya ce, "Allah Ya gina mana gari a kan tudu, gangara ko'ina kyauta, sannan in je in sayi batir? Ai butulci ne." Kullum a kan gangara yake ajiye ta, da dutse a gaban taya. In kuma ta tashi, da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu.

A wannan motar aka ce za a kai ni ɗaurin aurena a Bauchi, wata Juma'a da damina. Auren kuwa da ma rawa yake yi. Baffa da zumuɗinsa shi ya je ya nema mini auren Hauwa, bai fara shawartar yayansa ba, wato mahaifina. Baba ya ji haushi, ya ce tunda Hudu ya zama uba to ya ƙarasa abinsa, shi ƙafarsa ba za ta taka Bauchi ba. Mahaifin Hauwa kuma ya aiko cewa ba zai ba da 'yarsa gidan da uban yaro bai yi na'am ba, in an sauko daga Juma'a bai ga Baba ba, a manta da maganar. Na iso gidan Baffa da sassafe cikin farar shadda. Fatana ɗaya, mu isa da wuri mu ba dattijon haƙuri kafin masallaci.

Baffa ya fito ya wuce ni, ya wuce motar, ya nufi ƙofar maƙwabciyarsa Mama Rifkatu.

"Mama Rifkatu, zan yi tafiya. In na saɓa miki ki yafe ni."

"Na yafe, Oga Hudu. Allah ya kai ku lafiya."

"Madalla. Ni ma na yafe maganar akuyarki da ta cinye mini alayyafo."

"Akuya na bai ci komai ba. Kai ne ba ka rufe ƙofa."

Nan fa aka buɗe sabuwar shari'a, har da nuna sawun akuya a ƙasa. Da ƙyar na jawo shi mota. Ya zauna, ya kama sitiyari, sai ya buɗe ƙofa ya koma neman gafarar faɗan da suka gama yanzu. Mama Rifkatu ta ɗaga hannu tun daga nesa ta ce, "Na jiya na yafe, na yau na yafe, na gobe ma na yafe. Ka tafi ka bar yaron nan ya yi aure."

Na cire dutse, muka gangaro. Na ce alhamdulillahi, ashe na yi saurin godiya. Muna zuwa kasuwar Taminus ya ratse gaban shagon Alhaji Rasaki, Bayaraben da yake sayen zare a wurinsa tun kafin kasuwa ta ƙone. Wurin ba gangara, don haka ya ce in miƙo ƙafa in danne totur har ya dawo. Ango guda, a karkace cikin mota, tana ruri kamar injin niƙa, ina jin su ta taga.

"Hudu, ba satin da ya wuce ka zo ka roƙe ni ba?"

"Wancan na zaren da ka rantse baƙi ne alhali shuɗi ne. Wannan na abin da na faɗa a kanka ne bayan na bar nan."

"Me ka faɗa?"

"Gara ka yafe haka nan, Alhaji. In ka ji ba za ka yafe ba."

Alhaji Rasaki ya ce wallahi sai ya ji, Baffa ya ce ba zai maimaita zunubi ba. Suna cikin haka ƙafata ta sage, motar ta yi tari ta mutu. Ana yayyafi muka tura ta, ni da Alhajin da ya yafe ba don ya so ba, taɓo ya yi wa shaddata zane har gwiwa. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta sace. Baffa ya tsaya a kan mai faci yana koya masa sana'arsa, da aka gama ya nemi gafararsa shi ma.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka hau titi. Maimakon ya miƙe hanyar Bauchi, sai na ga ya juya kan mota wajen Daɗin Kowa, unguwar Baba.

"Baffa, Bauchi fa tana bayanmu."

"Na sani, ba inda za ta. Saura mutum ɗaya."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Na ce a raina tsohon nan zai kashe mini aure saboda taurin kai, sannan ya zo ya ce in yafe.

Ƙofar gidanmu fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Mutumin da bai taɓa kashe mota inda babu gangara da son ransa ba ya zo tsakiyar filin ya kashe ta. Baba yana zaune a baranda da jallabiya da silifas, yana jin rediyo. Baffa ya cire hula ya durƙusa.

"Yaya, zan yi tafiya. Na shiga gabanka a kan abin da yake haƙƙinka ne. Na yi laifi, ka yafe mini."

Na tsaya ina jiran "amma", don Baffa bai taɓa neman gafara babu jela ba. Shiru, bai ƙara komai ba. Baba bai dube shi ba ya ce, "Allah Ya yafe mana. Ku tafi, kun makara."

Muka koma mota, Baffa a sitiyari, ni ina turi. Ta yi tsalle ta mutu. Na sake turawa, ta sake mutuwa. To Baba tsohon direban babbar mota ne, shi ya koya wa Baffa tuƙi, kuma zai iya jure komai ban da ya ga ana wulaƙanta inji. Ya rage muryar rediyo.

"Giya ta biyu, Hudu. Tun muna samari nake faɗa maka."

Baffa ya sa wata giyar daban, motar ta yi ƙara kamar za ta amayar da hanjinta. Baba ya miƙe ya zo ya ce, "Fito." Ya zauna, muka tura ni da Baffa, bugu ɗaya ta tashi. Ban san tsoho Baffa yana da gudu haka ba. Ya tura ni kujerar baya ya faɗo a kaina ya ja ƙofa.

"Yaya, kada ka ɗaga ƙafa. In ta mutu a nan, auren yaron nan ya mutu."

"A bakin titi zan sauka."

"Can ma babu gangara."

Baba ya dube ni ta madubi, ni da taɓona. Muka wuce bakin titi. Muka ratsa gari, gangara iri-iri muna wuce su, ba wanda ya nuna ko ɗaya. Sai da muka bar Jos a baya Baba ya yi gyaran murya.

"Yanzu da jallabiya da silifas zan shiga cikin surukai?"

"Akwai babbar riga a but ɗin mota, da hula da takalmi," in ji Baffa. "Sai dai ka ƙara tumbi, ban sani ba ko za ta shige ka."

Baba ya ce, "Makirin banza." Na ga kafaɗunsa suna rawa, dariya yake yi.

Mun isa ana fitowa daga masallaci. Mahaifin Hauwa ya ga Baba ya fito daga mazaunin direba, ya ce, "Ashe da kanka ka tuƙo shi?" Baba ya ce, "To wa zan bar wa?" Rigar ta zauna masa cif. Aka ɗaura aure, ni kuwa na koma bayan motar na yi kukana son raina. Daga baya na tambayi Baffa ko da gangan ya yi ta sa giyar banza. Ya ce, "Ni? Ban iya tuƙi ba ne, ai ka ji yayana ya faɗa."

Baffa bai ga ɗanmu na fari ba, ya rasu Hauwa tana da ciki. Ranar suna ban tambayi Baba komai ba, shi ya karɓi jaririn ya raɗa masa suna, ya ɗago ya ce, "Hudu." Ina kewar Baffa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa, Ya saka masa da alheri a kan gidan da ya haɗa mini. Amin.