Ba Ki Ce A Hau Ta Ba, Dakta Nabilah

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 9 ga watan Satumba, 2025, da hantsi, ina shagona a kasuwar Wuse ana sauke mini wayar wuta daga mota, sai ga kiran Thaddeus, mutumin da ke kula da bargar dawakina. Thaddeus ba ya kirana lokacin kasuwa sai in doki ya faɗi. Ko gaisuwa ban amsa ba na ce, "Tagulla ce?" Ya ce, "Oga, ba Tagulla ba. Dakta ne. Dakta ya rasu."

Haka labarin rasuwarki ya same ni, Dakta Nabilah Tukur Jada, likitar dabbobi. Zazzaɓi ne ya fara kamar wasa, aka kai ki asibiti, ashe tafiyar ke nan. Bayan la'asar muka yi miki salla. Ba zan ɓoye ba, ina tsaye a sahu zuciyata ta rabu biyu: rabi yana roƙa miki gafara, rabi yana barga, wurin ƙafar da kika bari a tsakiyar aiki. Na san ba za ki ji haushin wannan ba. Da kina raye, ita za ki fara tambayata.

Ni ba mutumin rubuce-rubuce ba ne. Sakandare kawai na yi, na shigo Abuja da filaya da testa a aljihu, ina ja wa mutane wayar wuta a sababbin gidajen Gwarinpa tun siminti bai bushe ba. Ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Doki kuma ban gaje shi ba, da girmana na shige shi. Ranar da na fara zuwa filin folo, inda ake ƙwallon dawaki, 'ya'yan manya suna kirana Mai Waya suna ƙunshe dariya. Na riƙe sunan, har a jikin motata na rubuta shi. Wadda ta rufe musu baki ita ce Tagulla, jar goɗiyar da na zaɓa da idona lokacin da masana suka ce ta yi ƙanƙanta. A kanta na fara cin wasa a gabansu.

A watan Maris na bana, muna atisaye, ta juya da gudu sai ta tsaya cak, ta ɗage ƙafar gaba ta hagu. Kafin yamma bayan ƙafar ya kumbura ya yi doro kamar ayaba. Tsofaffin barga suka ce jijiya ce, magani kuma ɗaya ne: lalas. A kira Baba Mato ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya zana mata a ƙafar. In ta tashi shi ke nan. In ba ta tashi ba, akwai masu sayen dawakin da suka gama aiki, suna loda su a tirela zuwa kudu, kowa kuma ya san abin da ake yi da su a can.

Thaddeus ne ya ce a bari ya kira wata likita tukuna. Kika zo da 'yar ƙaramar mota, kin sa takalmin roba a ƙarƙashin doguwar riga. Kika aske gashin wurin, kika ɗauki hoton jijiyar, kika nuna mini wani baƙin rami a tsakiyarta, kamar wayar da ta tsinke daga ciki alhali robarta lafiya lau. Wannan misalin ni na kawo shi, kika ce ko a makaranta ba a faɗa miki shi da kyau haka ba.

Sannan kika fito da na'urar. Ba ta fi ƙaramin rediyo ba, da batir take aiki, da 'yan wayoyi biyu da faci masu mannewa a fata. Kika ce wuta ce 'yar mitsitsiya take turawa cikin nama, irin wadda jiki da kansa yake amfani da ita wajen haɗe rauni. Na yi dariya. A kan komai ana iya yi mini dabara, ban da wuta. Na ce ki manna mini a hannu. Kika manna, kika kunna. Shiru.

Na ce, "Dakta, abin nan a mace yake. An cuce ki."

Kika ce, "Alhaji, ba janareto ba ce. Ɗauko mitarka ta auna wuta."

Na ɗauko, na haɗa, ba ta nuna komai ba. Na kalli Thaddeus ina murmushi. Kika ce, "Murɗa ta ƙasa. Ƙara. Kai ta gidan ƙarshe." Wannan gidan, tun da na fara sana'a ban taɓa kai mita can ba, don ba ni da abin aunawa a wurin. Ina kai ta sai lamba ta fito, tana hawa tana sauka a hankali kamar numfashi. Wutar da ba za ta kunna ko ƙwan tocila ba, amma tana nan. Ni da mita nake yarda, ba da baki ba. A ranar na ce a gaya wa Baba Mato ya dakata.

Abin da ya ƙara kama ni shi ne ba ki sayar mini da na'urar kamar 'yan tallan magani a tasha ba. Kika ce ba sihiri ba ce, kuma ba duk likitoci suka gamsu da ita ba. Taimako take yi. Babban maganin shi ne hutu, da ruwan sanyi, da tafiya a hannu kaɗan-kaɗan, da haƙurin mai doki. Kika dube ni kika ce, "Na ƙarshen nan ne nake jin ba a samunsa a shagonka."

Ba ni kaɗai na ci moriyarki ba. Akwai Dominic, mai dokin da yara ke hawa ana ɗaukarsu hoto a wurin shaƙatawa. Sirdi ya ci wa dokin baya har ya zama gyambo, ƙuda na bi, wurin ya ƙi rufewa. Kin gan shi ne daga mota kina hanyar kasuwar kifi ta Kado, kika tsaya. Kika wanke, kika sa magani, kika riƙa zuwa kina manna masa na'urar a gefen gyambon har sabon nama ya taso, gashi ya fito. Kika roƙe ni in ba dokin wuri a bargata, don a gidan Dominic ba rufi, ga damina. Da ciwon fata na kirci ya kama dawakin maƙwabtanmu saboda ruwa, suka zo suna cewa a sa musu na'urar, kika ce a'a, wannan ƙwayar cuta ce, wanka da magani da busasshen wuri take so. Ba ki taɓa sa wa dabba abin da ba ta buƙata don a ce kin iya ba.

Ni kuma kika sa ni aikin da ban taɓa zaton zan yi ba. Kika ce Tagulla ta fi natsuwa a hannuna, don haka ni zan riƙa jan ta da safe. Alhaji Ubale guda, riƙe da ragama, ina zagaya unguwa da doki kamar mai tallan akuya. 'Yan acaɓa suna cewa, "Oga, mai ya ƙare ne?" Kika koya mini shafa ƙafar da bayan hannu, in taɓa mai ciwon in taɓa mai lafiyar, in ji ko ɗaya ta fi ɗumi.

Zuwa watan Agusta ɗingishi ya tafi gaba ɗaya. Kumburi ya faɗa. Tana haniniya tana dukan ƙofa in ta ji ana fita da sauran. Na ce, "Dakta, ta warke. Gasar ƙarshen shekara na zuwa." Nan kika gaya mini maganar da ta hana ni sukuni yanzu. Kika ce a ciwon jijiya zafi ne ke fara tafiya, warkewa tana can baya. Dokin zai ce maka ya warke, idonka ma zai ce haka, ka hau, ta sake tsinkewa, ta biyun kuma sau da yawa ba ta gyaruwa.

Zuwanki na ƙarshe ranar Alhamis ne. Kika zauna a kan bokiti kina dafe kai, kika ce ba komai, gajiya ce. Kika canja wa na'urar saiti, kika bar ta a hannun Thaddeus kamar yadda kika saba, kika ce mako mai zuwa za ki zo da abin ɗaukar hoto. Kina shiga mota kika leƙo ta taga: "Alhaji, ba mai ɗora mata sirdi sai na ce. Da bakina, ba saƙo ba."

To, Dakta, ga shi bakin ya rufe, ba ki ce ba.

Tun daga ranar ban samu kwanciyar hankali ba. Kullum da safe in durƙusa in shafa ƙafar. Wata rana in ji ɗumi, in koma ɗayar in ji kamar ita ma, in rasa ko ƙafar ce ko hannuna ne. Na'urar tana nan da maɓallanta. Ni da ban taɓa tsoron makunni ba, ni da nake taɓa layin da wasu ke gudu, na kasa murɗa ko ɗaya, don ke kike duba ƙafar ki san inda za a kai su. Masu shawara kuma suka taso. Wasu suka ce ta warke, in hau abata. Wasu suka ce tunda likita ta tafi, a yi lalas a rufe aikin.

Wata safiya bayan an share makoki, ƙafar ta yi ɗumi na gaske, har Thaddeus ya ji. Na kira abokina Alhaji Gambo, wanda muke wasa tare, na faɗa masa. Kafin rana ta ɗaga sai ga shi da Baba Mato. Ban kira tsohon ba, amma da ya hura gawayi ban hana ba. Ina tsaye ina kallon ƙarfen yana ja, tsoro ya cika ni: in na hana ta lalace, ni na jawo, in na bari ta lalace, ni na jawo. Alhaji Gambo ya ce, "Mai Waya, kakanninmu da wannan suka yi. Rediyon yarinyar nan ya yi iyakarsa."

Thaddeus yana bakin ƙofa riƙe da ragama, bai fito da ita ba. Ya ce, "Oga, kai ne mai doki. In ka ce fito, zan fito. Amma Dakta ya sha wahala a ƙafan nan. Wata shida yana zuwa, ko ruwan sama."

Na ɗauki bokitin da kika zauna a kai, cike da ruwan sanyin ƙafar, na juye a kan gawayin. Na ba Baba Mato haƙuri, na sallame shi da mutunci, don shi ma abin da ya gada yake yi. Alhaji Gambo ya tafi da fushi, har yau bai ɗauki wayata ba.

Daga nan na wuce gidanki. Mijinki, Injiniya Zaid, duk da abin da yake ciki, ya zaunar da ni ya saurara. Ya ce a asibiti, lokacin da kike iya magana, kin tambaye shi ko an zagaya da Tagulla. Shi ya haɗa ni da ƙawarki Dakta Rita, wadda kuka yi karatu tare, tana aiki a Jos. Ta taso ta zo da abin hotonta.

Ramin yana nan, Dakta. Ya tsuke, bai fi ƙwayar wake ba yanzu, amma bai rufe ba. Dakta Rita ta ce da an hau ta, da wuya ta gama zagaye ɗaya a fili. Ɗumin kuma, tana jin buge ƙafar ta yi a bango, amma ba za ta rantse ba. Ta ce ita ba ta ƙware a na'urar kamar ke ba, a bar saitin inda kika bar shi har ta tambayi malaminku. Tana tattara kayanta tana share ido.

Na janye sunana daga gasar bana. Masu dariya su yi. Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Ban san ko ramin zai rufe ba, ban san ko Tagulla za ta sake gudu ba, kuma wadda za ta kalle ni ta gaya mini gaskiya ba tare da tsoron girmana ba ta tafi. Abin da na sani, tirela ba za ta ɗauke ta ba ina numfashi.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Nabilah. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ta tausaya wa bayinka marasa baki, waɗanda ba sa iya cewa ga inda ke musu ciwo, ka tausaya mata fiye da haka. Ka sa jinyar da ta yi ta zama kaffara, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta iyalina, da ta Thaddeus da Dominic waɗanda suka ce lallai in sa sunansu, ga Injiniya Zaid, da 'yarki Hafsah da ƙannenta, da mahaifiyarki Hajiya, da dukkan 'yan'uwa na Jada da na Abuja. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Sirdin Tagulla na ɗauke shi daga barga, yana ɗakina a saman kabad. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, zan kama ragama mu zagaya, ni a ƙasa, ita a gefena.

Alhaji Ubale Mai Waya
Gwarinpa, Abuja