Harawar Lantana Ba Garaɓasa Ba Ce

Lantana tana da shekara sittin da ɗaya, mijinta ya rasu, kuma ita ke noma gonar waken da ya bari a gabas da tabkin Madarumfa. Duk kaka, idan mutane sun tsinke wake sun bar ganyen ga awaki, ita sai ta bi ta yanke harawar tun tana ɗanya shar, ta ɗaɗɗaure, ta ɗauko a ka ta jibge bisa rufin ɗaki. Ba gonarta kaɗai ba, har ta maƙwabta, idan sun yarda. Shekarun da ta yi tana wannan dako sun sa wuyanta ya daina juyawa sosai. In aka kira ta daga baya, da dukan jikinta take waiwayowa. Abin da ta daɗe tana so shi ne jaki.

Bana rani ya yi tsawo, ciyawa ta ƙare a daji, ga layya ta matso. Masu kiwon raguna daga Maraɗi suka shigo ƙauyuka neman abincin dabba, suka tarar da rufin Lantana cike. Ba su yi ciniki ba. Abin da ta faɗa shi suka biya, suka kwashe.

Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa Lantana ta samu garaɓasa. A garin, kalmar tana da nauyi. Garaɓasa ita ce abin da ya faɗo wa mutum bai nema ba, bai yi masa gumi ba, kuma wanda ya same ta ba ya ci shi kaɗai, sai ya gutsura wa dangi. Jatau, ƙanin mijinta, shi ya fara sallama.

"Matar yaya, an ce Allah ya jeho maki daga sama. Na zo da hulata in tara."

"Daga sama dai, bisa rufin ɗakina. Wa ya hau da ita can, kai?"

"To ai farashin ba ke kika ɗaga shi ba."

"Harawar kuwa ni na ɗaga ta. Kana zaune gindin iccen bedi kana ce mani jakar dakon gidanku."

Jatau ya yi dariya, amma bai tashi ba. Ya ce dangi za su ce ta yi rowa, kuma gonar ma ai ta gidansu ce.

Lantana ta san garaɓasa, ta kuma tuna masa. Shekarar da tabki ya cika ya malalo, da ruwa ya janye ya bar tarwaɗa tana birgima cikin kunyoyin gonarta. Ba ta ɗauki ko ɗaya ba sai da ta kira unguwa, kowa ya zo da ƙwarya. Jatau da kansa ya cika buhu.

"Waccan ita ce garaɓasa, kuma ka ci. Wagga wuyana ne. In rabo kuke so, ku zo ku raba ciwon."

Aka kai magana gun tsofaffin gida. Ta je, ta gaishe su a durƙushe, ta ce ba ta bayarwa. Wasu matan dangi sun daina shiga gidanta tun ranar.

Ran kasuwar da ta wuce ta sayi jaki fari mai gajerun ƙafafu. Ta ɗora masa tuluna biyu na ruwa, ta biyo da shi ta ƙofar gidan Jatau, kanta babu komai.