Tayoyin da Tsaga Ya Ɓoye wa Hayaƙi

A layin masu faci, idan aka ce Tsaga, kowa ya san wanda ake nufi: dogon mutumin nan mai furfura jefi-jefi, wanda yake wuni a kan guntun benci ƙarƙashin rumfar kwano, taya a tsakanin gwiwoyinsa, wuƙa a dama, gwangwanin ruwa a hagu. Ruwan ba na sha ba ne, wuƙar yake tsomawa. Busasshiyar wuƙa ba ta tafiya a cikin roba, turjewa take yi.

Tun yana saurayi yake wannan sana'a, da ita ya yi aure, da ita ya aurar. Daga mushen taya yake fitar da takalmi, da guga, da igiyar ɗaure kaya a bayan babur, da kaskon ba kaji ruwa. Tayoyin zamani bayansu duk waya ce a saƙe, wuƙa ba ta cin su, don haka gefen kawai yake zagayewa ya cire, nan ne robar take da laushi da jin magana. Masu faci sun san irin wadda yake so, suna jingine masa ita a bango. Abin alfaharinsa guda ne a duniya, kuma ba ya gajiya da faɗarsa: bai taɓa ƙona taya ba.

Ba a banza yake yawan faɗa ba, da ƙanin matarsa yake. Shi wannan ƙanin, Hayaƙi ake ce masa, kuma da guminsa ya samo sunan. Shekara da shekaru yana bayan gari wajen juji, yana cinna wa tayoyi wuta, idan sun cinye ya tattara wayar ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. In ya zo gaida yayarsa, idanu da haƙora kaɗai ake gani. Tsohon buhu take shimfiɗa masa don kada ya ɓata mata tabarma. Tsaga kan zauna ya yi masa nasiha a tsanake, cikin tausayi, irin nasihar da mai yin ta ya fi mai sauraro jin daɗinta.

Ana nan sai doka ta zo. Hukumar muhalli ta hana ƙona taya, ta kuma ce daga yanzu duk tsohuwar taya sai a kai ta wurin mai lasisi, mai faci ba shi da ikon bai wa wanda ya ga dama. Ranar da Tsaga ya ji sashen farko na dokar har shayi ya saya wa maƙwabcinsa. Sashe na biyu kuwa bai saurara da kyau ba.

Da yake masu ƙonawa su ne ciwon kan hukuma, su aka tara aka koya wa aiki, aka haɗa su ƙungiya, aka samar musu fili mai katanga da injin da yake niƙe taya ta koma gari, a kai wa masu daɓen filin wasa. Da suka tashi zaɓen shugaba, sai suka ɗauki wanda ya fi kowa daɗewa a cikin hayaƙin.

Tsaga ya wanke riga ya tafi ofis neman nasa lasisin. Jami'in ya karɓe shi da mutunci, ya tambaye shi ko yana da fili mai katanga, da daɓen siminti, da tukunyar kashe gobara. Ya ce yana da benci.

"To Baba, a da kana ƙonawa ne? Akwai shiri na musamman don waɗanda suka tuba."

"Ni? Ko sau ɗaya!"

"Kash. To ai shirin bai shafe ka ba."

Ya dawo gida yana magana shi kaɗai. "Da na sani," in ji shi ga matarsa, "da na ƙona ko guda biyu ne."

Abin da ya fi ci masa rai ba lasisin ba ne, wankan da Hayaƙi ya yi ne. Ashe Hayaƙi kyakkyawa ne, ba wanda ya sani. Ya fara zuwa gidan cikin riga mai ɗaukar ido, hular kwano a hammata, ana kiransa a waya yana cewa a jira shi. Buhu ya ɓace, sabuwar tabarma ta fito, har da matashi.

"Auta, ka ƙara mana," in ji yayarsa, tana tura masa kwano. "Aikin naku na manya sai da ci."

Tsaga yana gefe yana sakace, bai ci komai ba da zai maƙale masa a haƙori.

"Yaya, ka leƙo mana ka ga injin," in ji Hayaƙi.

"Na ji ƙararsa daga nan. Ta ishe ni."

Kafin motar ƙungiya ta fara zagayen kwasa, Tsaga ya riga ta. Ya bi masu faci ɗaya bayan ɗaya, yana tuna wa wannan ranar da ya je masa suna, yana tuna wa wancan takalmin da ya yi wa mahaifinsa. Suka riƙa ba shi tayoyi a ɓoye, shi kuma yana gangaro su gida. Ya cika lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, ya jera a bayan banɗaki, ya ɗora a kan rufin kicin har kwanon ya lotsa. Ko shekara zai yi yana yanka ba zai gama su ba, kuma ya sani. Daɗin da yake ji shi ne duk tayar da ta kwana a gidansa, injin can bai gan ta ba.

A tsawon rayuwarsa taya ba ta taɓa daɗewa a hannunsa ba ta sha wuƙa ba, shi ya sa ya manta da halinta. Taya ko ta yaya ka ajiye ta, a kwance ko a tsaye, sai ta riƙe ruwa a cikinta. Damina ta sauka. Ba a jima ba gidan ya fara kiɗa tun kafin magariba.

"Malam," in ji matarsa, tana marin wuyanta, "wai kiwon sauro muka koma ne? Gaya mini in san abin da zan ce wa maƙwabta."

"Sauron gari ne, ko'ina akwai."

"Na gari yana cizo ya tafi. Waɗannan 'yan gida ne, sun san sunana."

Maƙwabta ba su jira bayani ba. Wata safiya sai ga duba-gari, mace mai sanyin murya, ta yi sallama ta wuce lungu kai tsaye. Ta sa kofi ta ɗebo ruwa daga taya guda, ta miƙo wa Tsaga. 'Ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil a ciki, ƙosassu.

"Baba, kafin ƙarshen mako a kai su wurin mai lasisi. In na dawo na tarar da ko ɗaya, da gidan da rumfar duk zan rubuta."

Mai lasisi kuwa guda ne a duk yankin.

Da la'asar sai aka ga Tsaga ya ɗauko dutsen wasa wuƙa yana murmushi. Dokar ta ce a kai taya, ba ta ce a kai ta da gefenta ba. Zai cire duk inda ke da amfani, ya kai wa Hayaƙi ƙwarangwal, ya ga abin da injin alfarma zai yi da shi.

Ya duƙufa. Ya yanka har tafin hannunsa ya yi bororo, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Gefuna suka taru a ɗaki lafiyayyu, ƙwarangwal suka taru a tsakar gida. Ran da ya gama, ya ari amalanke ya loda, ya tura da kansa ta tsakiyar layin masu faci, kai a sama, don kowa ya shaida.

A filin ya tarar da injin a kashe, ma'aikata sun kewaye shi sun yi jugum. Hayaƙi ya taho, ya ɗaga ƙwarangwal ɗaya, ya juya shi, ya bi bakin yankan da yatsa. Tsaga ya gyara tsayuwa yana jiran fuskar ta ɓaci.

"Yaya! Wa ya gaya maka?"

"Ya gaya mini me?"

"Ai abin da yake kashe mu ke nan! Zoben wayar nan mai kauri da ke bakin taya, shi yake karya mana haƙoran inji. Sai an cire gefen tukuna ake zubawa, mu kuwa wuta muka iya, ba wuƙa ba. Mutum sai ya wuni a kan guda biyar, ya yanke yatsa. Kai, ku zo ku ga aiki! Ku tayar da inji!"

Injin ya tashi, ya lashe ƙwarangwal ɗin Tsaga ɗaya bayan ɗaya ba ko tari. Ma'aikata suka yi ta sa masa albarka. Shi kuwa yana tsaye riƙe da hannun amalanke, yana kallon bororon hannunsa.

"Ka ga wancan tsaunin?" Hayaƙi ya nuna tarin tayoyi da ya kai tsayin katanga. "Duk gefensu naka ne, kyauta, in za ka cire mana. Sai dai a nan ciki za ka yanka, doka ba ta yarda cikakkiyar taya ta fita ƙofar nan ba."

Tsaga ya dubi tsaunin. Har da na manyan motoci, masu gefe kamar faifai, irin waɗanda yake shekara bai samu biyu ba. Yawunsa ya tsinke. Ya ce, "Ni ba na aiki a ƙarƙashin kowa," ya juya amalanke.

Gefunan ɗaki suka riƙe shi ɗan lokaci, suka ƙare. Masu faci yanzu in sun hango shi sai su kama duba bututun iska. Ya koma zaman benci da wuƙa a washe, babu abin yankawa, masu neman takalmi suna zuwa suna komawa.

"Malam, ka je mana," in ji matarsa. "Auta ne fa. Kai ka koya masa ɗaura zariya."

"Shi ne ai abin haushin."

Wata safiya dai ya ɗora bencinsa a ka, ya nufi filin. Bai shiga ba. Ya auna bakin ƙofa da ido, ya dasa bencin a waje, daf da dokin ƙofar, ya zauna ya miƙa ƙafafunsa ciki.

"Taya tana ciki ko ba ta ciki?" ya tambayi Hayaƙi.

"Tana ciki, Yaya."

"Ni kuma ina waje ko ba na waje?"

Hayaƙi ya danne dariyarsa da ƙyar. "Kana waje."

"To gangaro."

Har yau haka yake zama, rabinsa a cikin doka, rabinsa a titi. Takalmansa sun ƙara kauri, guga har sari ake zuwa yi. Duk lokacin da aka kira ƙanin matarsa manaja a gabansa, wuƙar takan ɗan zarce inda ya nufa. Idan wani ya tsaya ya ce, "Baba Tsaga, ashe wurin Hayaƙi ka kama aiki?" sai ya tsoma wuƙa a ruwa, ya yi nuni da haɓa zuwa cikin fili, inda shugaban ƙungiya da kansa yake gangaro wata ƙatuwar taya yana haki.

"Duba da kyau," ya ce. "Wa yake kawo wa wani?"