Makin da Alkasim ya ba surukinsa

Duk wanda ya san Alkasim na Maijirgi, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa, ya san ba ya ganin kuskure a takarda ya yi shiru, ko ta wace ce. Wasu na cewa tsaurin ido ne. Ba su san inda abin ya samo asali ba.

Shekara uku bayan samun 'yancin kai, lokacin da gujiya ke tashe, aka buɗe ajin manya a Tasawa. Alkasim ya taɓa lakwal, wato makarantar boko, yana yaro, shi ya sa ake yi masa kallon gwani a ajin. A benci na gaba kuwa akwai surukinsa, Malam Danda, uban matarsa Biba, dattijon da ya koyi boko da furfura.

Wata rana malamin ajin, Mushe Abdussalamu, ya ce kowa ya rubuta ra'ayinsa da hujja: a cika gona da gujiya, ko a bar wa hatsi wuri? Kowa ya ba kansa maki, sannan a yi musayar kaye, wato littafin rubutu, kowa ya duba na wani. Kayen surukin ya faɗo hannun Alkasim.

Ra'ayin dattijon daidai ne, a bar wa hatsi wuri, amma hujja ko ɗaya babu. "Haka muka tarar" kawai ya maimaita har sau huɗu. Shi da kansa shida bisa ashirin ya ba kansa. To, mutumin da kake cire takalmi ka durƙusa in kun haɗu a hanya, ta yaya za ka ja masa jan layi? Alkasim ya dangwala sha takwas, ya rufe kaye.

Ashe Mushe ya shirya wanda ya fi maki shi zai karanta a taron manoma ranar kasuwa, kuma bai duba ba, ya yarda da gwaninsa. Malam Danda ya sa babbar riga ya miƙe. A "haka muka tarar" ta uku aka fara gyaran murya. A ta huɗu wani dillalin gujiya ya ce, "Malam, hujjar tana gida ne?" Dariya ta ɓarke. Dattijo ya naɗe takardarsa ya zauna. Alkasim ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da la'asar aka mayar da kaye. Ashe na Alkasim yana hannun surukin, ya buɗe ya ga an bi shi layi-layi da rubutu mai karkarwa: nan ba ka kawo shaida ba, nan ya yi kyau.

Ya je ya durƙusa a zaure. "Baba, kunya ce ta hana ni."

Malam Danda ya ce, "Na san shida ce. Da na ga hannunka sai na ƙaryata kaina. Ni na ɗauke ka ɗa, na gyara maka. Kai kuwa baƙo ka ɗauke ni."